Tufafin Jariri na Gida a Al'adar Bahaushe: Sunayensu da Yadda Ake Yin Su

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana 'yan kayayyakin da matan Hausawa kan tanada wa jariri da hannunsu daga tufa mai araha, tare da duba sunayen da harshe ya ba su. Abin da za a lura da shi shi ne, ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da wannan aiki: tsohuwar tufa mai laushi ita ake kai wa jikin jariri, tufa mai ƙwari kuwa a bar wa ɗaukarsa.

2.0 Masu Tanadi da Irin Tufar

A al'ada, mai cikin fari takan koma gidan iyayenta idan ciki ya tsufa, abin da ake kira goyon ciki. Saboda kunyar ɗan fari, ba ita ce ke fitowa fili ta yi tanadi ba. Mahaifiyarta da sauran tsofaffin gida su ne kan ware tsofaffin zannuwa, su yayyage su, su wanke, su adana.

Kafin yaɗuwar yadin kanti, fari da saƙi na masaƙan gida ake amfani da su. Daga baya akoko da alawayyo da atamfa suka samu shiga, musamman bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato zane 3, kuma zane ɗaya idan ya tsufa yakan ba da ƙyallaye da dama.

3.0 Kayayyakin

3.1 Tsumma. A maganar yau da kullum tsumma abin raini ne, amma a ɗakin mai jego yana da daraja. Sabuwar atamfa tana da danƙo da kaushi, ba ta shan ruwa sosai. Wadda ta sha wanki kuwa ta saki, ba ta kuje fatar jariri. Da tsumma ake tsane shi bayan wanka, da shi ake yi masa shimfiɗa.

3.2 Ƙunzugu. Ƙyalle ne mai kusurwa huɗu da ake ninkawa ya koma mai kusurwa uku, kamar bante. Akan zagayo da kunnuwa biyu ta ƙugu, a ɗago na ukun ta tsakanin cinyoyi, a ɗaure. Ana yi wa bakinsa kalmasa da allura da zare don kada ya zare.

3.3 Taguwa da hula. Akan ninka ƙyalle biyu, a fafe wuya a kan ninkin, a ɗinke gefuna, a bar kafar hannuwa. Ragowar ƙyallen ita ake haɗawa a yi hula, domin jariri yakan rasa ɗumin jikinsa da sauri ta kai, balle a lokacin hunturu.

3.4 Zanen goyo da majanyi. Zane shi ke rufe ɗa a baya, majanyi kuma a ɗaura shi a bisa zanen ya tallafi mazaunin yaron. Nan ne ake neman ƙwari, shi ya sa majanyin saƙi na masaƙar mata ya fi karɓuwa.

4.0 Abin da Harshe Ya Adana

Kalmar majanyi tana da ƙirar sunan kayan aiki, mai ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, kamar mabuɗi da maɗauri. Goyo kuwa ya wuce ma'anarsa ta asali. Ana cewa ɗan goyo, a ce mai goyo, sannan a ce wane ya ba wane goyon baya. Ɗan siyasar da ke neman goyon bayan jama'a, ko ya sani ko bai sani ba, hoton uwa da zanenta yake arowa.

5.0 Matsayinsu a Yau

Ilimin likitanci ya tabbatar da wani ɓangare na wannan hikima, ya kuma gyara wani. Auduga tana barin fata ta sha iska, saɓanin nailan da ke jawo ƙuraje. Amma wajibi ne a tafasa ƙyallen, a shanya shi a rana, kuma kada a ɗaure cibiya da tsumma mara tsabta, domin ta nan cuta kan shiga. Har ila yau, hanyar renon bakwaini ta manna shi a ƙirjin uwa, wadda aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, ba ta buƙatar abin da ya wuce zane da hula.

6.0 Kammalawa

Ƙunzugun kanti na yi-ka-yar ya mamaye birane, alhali kuɗinsa ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Idan aikin hannun ya ɓace, kalmominsa za su bi shi. Ya kamata malaman Hausa da masu nazari su tattara waɗannan sunaye daga bakin ungozomai da tsofaffi, gari-gari, tun suna raye. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.