Katunan Old Mill na 1910 da Aikin Gano Mutanen da ke Jikinsu

A shekarar 1910 kamfanin American Tobacco na ƙasar Amurka ya riƙa cusa wasu ƙananan katuna masu jan baki a cikin fakitin sigarinsa mai suna Old Mill, kowane kati ɗauke da hoton ɗan wasan besbol guda, wato wasan nan da ƙungiyoyi biyu masu mutum tara-tara suke karawa, wani ya jefa ƙwallo, wani ya maka mata gora, sannan ya zagaya tashoshi huɗu da gudu kafin a fitar da shi. Kamfanin bai yi katunan don adana tarihi ba, talla ce kawai da ake so ta sa mai shan taba ya dawo gobe ya sake saye, amma da yake yawancin mutanen da aka ɗauka ba su taɓa kai wa manyan gasanni ba, sai waɗannan 'yan takardu suka zama shaida mai wuyar samu a kan rayuwar ɗaruruwan matasa da sunansu ya ɓace daga bakin jama'a tun kafin yaƙin duniya na farko.

Wanda ya riƙe katin a tafin hannu zai ga tsawonsa bai kai santimita bakwai ba, faɗinsa kuma bai kai huɗu ba. A tsakiya akwai hoto baƙi da fari, sau da yawa na saurayi tsaye a fili riƙe da gora ko da safar kama ƙwallo, an kewaye shi da jan launi mai saurin gogewa a kusurwa, shi ya sa da wuya a samu kati mai lafiyayyen baki. A ƙasan hoton an rubuta abu biyu kacal, sunan iyali na ɗan wasan da sunan garin da yake yi wa wasa, babu sunan yanka, babu shekarar haihuwa, babu ko lamba da za ta nuna matsayin katin a cikin 'yan'uwansa. A baya kuwa akwai tallar Old Mill da lambar rukuni, daga ɗaya zuwa takwas, da kuma wani ɗan layi na ƙananan haruffa wanda mai saye na wancan lokaci ba ya ko kallo, alhali shi ne ya fi amfanar mai bincike na yau.

Sunan da masana suke kiran jerin da shi, T210, ba na kamfanin ba ne. Wani ma'aikacin masana'antar kayan lantarki ne a birnin Syracuse, Jefferson Burdick, ya ƙirƙiro tsarin rarraba katunan Amurka a littafin da ya fara fitarwa a 1939, inda harafin T yake nufin katunan taba na ƙarni na ashirin, N na taba na ƙarni na sha tara, E kuma na alewa na farko-farko. Burdick ya miƙa tarinsa na kusan abubuwa 300,000 ga gidan adana kayan fasaha na Metropolitan a New York, ya yi shekaru yana liƙa su a kundaye da hannuwan da ciwon gaɓɓai ya lanƙwasa, ya gama a farkon 1963, ya rasu bayan 'yan makonni. Tun da katunan Old Mill ba su da lamba, masu tarawa ne suka haɗa lissafinsu da kaɗan-kaɗan, ta hanyar gwada abin da ke hannun wannan da abin da ke hannun wancan, har adadin ya tsaya a kan 640.

Tambayar daga ina katunan suka fito ita ce mafi sauƙin amsawa, domin hukumar haraji ta riga ta yi rabin aikin. Gwamnatin tarayyar Amurka ta raba ƙasar gunduma-gunduma don karɓar harajin taba, kowace masana'anta tana da lambar rajista, kuma layin nan na bayan katin yana ambaton masana'anta mai lamba 25 a gunduma ta biyu ta jihar Virginia, wadda take birnin Richmond. Sai dai wannan lamba tana nuna inda aka ɗura tabar ne, ba ta nuna inda aka buga hoton ko wanda ya ɗauke shi, kuma mai binciken da ya cakuɗa waɗannan abubuwa uku zai gina hukunci a kan tushen da ba nasa ba.

Shekarar fitowa kuwa ba a rubuta ta ko'ina ba, gasannin da ke cikin jerin ne suke bayyana ta. Kowane rukuni na gasa guda ne daga cikin ƙananan gasannin kudancin ƙasar, wato waɗanda suke ƙarƙashin manyan gasanni biyu kuma suke ciyar da su da 'yan wasa, tun daga South Atlantic a rukuni na ɗaya har zuwa Southern Association a rukuni na takwas, wanda ya fi kowane girma da katuna 114. Mafi ƙanƙanta shi ne na huɗu, mai katuna 49, na gasar Virginia Valley, wadda ƙungiyoyinta suke garuruwa irin su Huntington da Parkersburg da Charleston, kuma da wannan suna kakar wasa ɗaya tak ta yi, ta 1910, domin a shekara mai zuwa an sake mata suna zuwa Mountain States. Gasar Eastern Carolina ta rukuni na bakwai ita ma a ƙarshen 1910 ta tsaya. Idan aka haɗa waɗannan biyu, babu wata shekara da ta rage wa jerin sai 1910.

Akwai kati guda da ya ƙara matse lokacin, wanda aka rubuta wa Stengel da Maysville a rukuni na shida. Casey Stengel, wanda aka haifa a Kansas City a 1890, kuma daga baya ya ci kofin duniya na besbol sau bakwai yana mai horar da ƙungiyar New York Yankees, ya fara kakar 1910 ne a Kankakee, da gasar can ta rushe a tsakiyar shekara sai ya koma Shelbyville a gasar Blue Grass ta jihar Kentucky, ita kuma wannan ƙungiya ta kwashe kayanta ta koma Maysville a watan Agusta. A 1911 yana Aurora, a wata gasa dabam. Saboda haka katin da ya haɗa sunansa da Maysville ba zai yiwu a ce an buga shi kafin ƙarshen Agustan 1910 ba, kuma wannan ita ce irin hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wannan fage, domin ba ta dogara da idon kowa ko tunawar kowa, ta dogara ne da 'yan makonnin da mutum da gari suka haɗu.

Wanda ya fi shahara a jerin shi ne Joe Jackson, yaron masaƙar auduga daga South Carolina wanda bai yi karatu ba, ya yi wasa a Greenville a 1908, a Savannah a 1909, sannan a New Orleans a 1910, inda ya jagoranci gasar da awon bugu na .354, ma'ana cikin kowane zuwa dubu da zai yi gaban mai jifa, yana samun bugu mai nasara sau 354. An kore shi daga wasan har ƙarshen rayuwarsa saboda badaƙalar sayar da wasannin ƙarshe na 1919, kuma katinsa na Old Mill yakan kai ɗaruruwan dubban daloli a gwanjo. Gano Jackson da Stengel ba wani aiki ba ne. Inda gizo yake saƙa shi ne wajen sauran katuna sama da ɗari shida, waɗanda kasuwa ba ta damu da su ba, alhali su ne ainihin abin da jerin ya adana.

Mai neman ya san wane ne wani Smith ko Williams na ƙaramin gari yakan fara ne da jaridun wasanni na mako-mako na lokacin, Sporting Life ta Philadelphia da The Sporting News ta St. Louis, da littattafan shekara-shekara na kamfanonin Spalding da Reach, amma su ma galibi sunan iyali kaɗai suke bugawa a taƙaitaccen sakamakon wasa, wani lokaci ma a gajarce don ya shiga layi. Jaridar garin ce takan ambaci sunan yanka ko mahaifa, musamman a farkon bazara idan ana sanar da sababbin ɗauka. Daga nan sai a tafi ƙidayar jama'a ta watan Afrilun 1910, da katunan rajistar soja na 1917 da 1918 waɗanda suke ɗauke da ranar haihuwa da sana'a da siffar jiki, da kuma katunan kwantiragi da The Sporting News ta tara na 'yan wasa. Ƙungiyar masu binciken tarihin besbol ta SABR, wadda aka kafa a Cooperstown a 1971, ta daɗe tana wannan aiki da hannun 'yan sa kai. Matsalolin suna da yawa, domin masu ɗab'i sun ɓata rubutun sunaye da dama, ƙungiyoyin ƙananan gasanni suna sallama da ɗauka kusan kowane mako, kuma yakan faru a samu mutum biyu masu suna ɗaya a gasa ɗaya.

Mafi wuyar sha'ani shi ne sunan aro. Ɗaliban jami'a da yawa sukan yi wasan kuɗi a lokacin hutu da sunan da ba nasu ba, don kada a hana su wasannin makaranta, kuma ba a ga hatsarin rashin yin haka a fili ba sai a kan Jim Thorpe, wanda ya yi wasa a Rocky Mount da Fayetteville na gasar Eastern Carolina a 1909 da 1910 da sunansa na gaskiya, abin da ya sa aka ƙwace lambobin zinare biyu da ya ci a wasannin Olamfik na Stockholm na 1912, ba a mayar masa da matsayinsa ba sai 1982, bayan ya daɗe da rasuwa. Inda sunan da ke ƙasan kati na aro ne, jarida da kati za su gaskata juna alhali dukansu a kan kuskure suke, shi ya sa ba a ɗaukar su shaidu biyu, tun da daga bakin ƙungiya ɗaya suka ji.

A irin wannan hali ne ake komawa ga fuska, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Hoton ƙarami ne, hula ta rufe goshi, rana ta jefa inuwa a kan idanu, mai katin kuma yana da muradin a ce wani sananne ne, domin farashi ya ninka. Kama da wane ba ta wane. Masu aikin da hankali sukan duba siffar kunne, wadda ba ta cika sauyawa da shekaru ba, kuma sun san bambanci guda bayyananne ya isa ya kore zato, amma kamanni goma ba su isa su tabbatar da shi ba. Inda shaida ba ta cika ba, barin gurbin sunan yanka fanko shi ne daidai, domin sunan da aka cusa bisa zato yakan shiga littafin farashi, daga nan ya shiga ma'adanar intanet, sai ya zama wani bawan Allah ya gaji tarihin da ba nasa ba, na ainihin kuma ya sake ɓacewa karo na biyu.

Ko an gano kowa da kowa, jerin ba zai zama cikakken hoton besbol na kudancin Amurka a 1910 ba, saboda dukkan gasanni takwas ɗin a rufe suke ga baƙar fata, waɗanda suke da ƙungiyoyinsu a garuruwa irin su New Orleans da Birmingham da Memphis, kuma wannan shinge bai faɗi ba sai da ɗan wasa baƙar fata Jackie Robinson ya shiga Montreal a 1946 da Brooklyn a 1947. Mai neman gwarazan baƙar fata irin su Oscar Charleston a kan katin taba na zamanin wasansu sai ya tafi Kyuba, inda kamfanonin sigari suka buga hotunan 'yan gasar hunturu ta 1923 zuwa 1924. Shi kansa kamfanin American Tobacco bai daɗe a yadda yake ba bayan fitowar katunan Old Mill, domin a watan Mayun 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa ya saɓa wa dokar Sherman ta hana babakere, aka kuma rarraba shi zuwa kamfanoni da dama kafin shekarar ta ƙare.