Rugugin wufa ba shi ne daɗin sauti ba

Duk wanda ya ratsa layin masu tura waƙoƙi da wa'azi a kasuwar Birnin Ƙonni, ko Illela, ko Maigatari, ya san yadda rugugin lasifika ke tarbar mutum tun daga nesa. Kusan kowace rumfa akwai kwamfuta da akwatuna uku: babba ɗaya da ake kira wufa, da ƙanana biyu. Abin da ya zama ruwan dare shi ne a murɗa maɓallin bes har ƙarshe don a danne maƙwabci. Mai saye ya tsaya, ya ji ƙasa na girgiza, amma bai gane abin da mawaƙi ko malami ke faɗa ba, sai ya yi gaba.

Akwatunan nan raba aiki suka yi. Wufa tana ɗaukar sauti mai kauri ne kawai, irin na babbar ganga. Murya da kalmomi kuwa daga ƙananan biyu suke fitowa. In an ba wufa ƙarfi fiye da kima, sai ta binne su.

Gyaran ba shi da wuya. Da farko a rage bes har ƙasa. A kai ƙarar kwamfuta kamar kashi 75 cikin 100, a bar ta nan. Sannan a sa wa'azi ko labaran rediyo, a ɗaga ƙarar lasifika har mai tsaye a bakin rumfa ya ji kowace kalma tas. Daga nan a sa waƙa mai ganga, a riƙa ƙara bes kaɗan-kaɗan. Da zarar murya ta fara dushewa, ko langa-langa ya fara karkarwa, a koma baya kaɗan a tsaya.

A yi wannan gwaji da irin ƙarar da ake wuni da ita. Tun a 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunne ba ya kama sauti mai kauri sosai in ƙara ta yi ƙasa. Shi ya sa bes ɗin da aka daidaita da sassafe yakan yi yawa in kasuwa ta cika aka ƙara murya.

Mazaunin wufa ƙasa ne, ba kan teburin kwamfuta ba. Kada a cusa ta a lungu, don lungu yana ƙara rugugi, kuma kada a toshe ramin da take fitar da iska.

Masu sarin lasifika kuma su lura da rubutun kwali. Manyan lambobin da aka liƙa wa PMPO na talla ne. Ƙarfin gaskiya shi ne wanda aka rubuta RMS. In sauti ya fara tsagewa, an wuce ƙarfin akwatin ke nan, kuma wayar da ke naɗe a ciki na iya ƙonewa.

Babbar asara dai ita ce ta kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya jure ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako, amma in ta kai 90, awa 4 kacal. Yaron rumfa da ke wuni gefen wufa, in ya tashi da yamma yana jin kunnensa na ƙugi, gargaɗi ne. Lasifika in ta ƙone ana sayen wata, amma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.