RAHA A BAKIN KWATA: YADDA MASU JIRGI KE WASA DA JUNA A KOGIN KWARA

Daga Wakilinmu Na Arewa

Galibin 'yan'uwanmu mazauna Kurmi sun san bandar kifin Yawuri. Suna ganinta cikin kwali da kwando a kasuwannin Ikko da Badun da Anaca, waɗansu ma sayar da ita ce sana'arsu. Amma ba kowa ya san irin zaman da masu kamo kifin nan da masu fito da shi suke yi da junansu ba. To, shi za mu duba a yau, musamman wajen bakinsu, gama masu jirgi mutane ne masu raha ƙwarai, kuma rahar tasu akwai aikin da take yi musu.

Garin Yalwa, watau babban garin ƙasar Yawuri cikin Jihar Kabi, yana bakin Kwara ne, wajen da kogin ya soma buɗewa ya zama tafkin Kainji. An fara ginin madatsar Kainji cikin 1964, aka gama cikin 1968. Da ruwa ya taru sai ya shafe gungaye da yawa da tsohon garin Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka cikin 1806. Mutum wajen 44,000 aka tayar aka sake musu matsuguni. Tsawon tafkin ya fi mil 80.

A kwata, watau inda jirage ke tsayawa, za ka tarad da Gungawa, waɗanda su ne mutanen gungayen tun asali. Ga Sarkawa, masuntan da suka gaji su kaka da kakanni, suna bin kifi har Lakwaja da Binuwai da tafkin Cadi. Ga Nufawa da suka hauro daga ƙasa, ga Kambari da Zabarmawa, ga kuma fatake Yarbawa da Ibo masu sayen banda. Kowa da harshensa, amma da Hausa ake ciniki, da ita kuma ake tsokana.

GAISUWAR ASUBA

Da an sallame sallar asuba kwata ta cika. Mai jirgi ba ya wuce ɗan'uwansa bai ce masa, "Sannu da ruwa" ba. Shi kuma ya amsa, "Yauwa, sannu kadai." Daga nan sai a tambayi gajiya, da iyali, kana a zo kan babbar tambaya, "Yaya ruwan?"

Mai karatu zai zaci wannan gaisuwa ce kurum irin ta kowa. Lalle amsar takan fara da "Da godiya," amma abin da ke biye shi ne labarin. Wani zai ce, "Da godiya, sai dai iska ta tashi tun dare." Wani ya ce, "Da godiya, amma dorina ta kwana bayan gungu, a bi ta gabas." Wani kuma ya ce ruwa ya ja, kututture ya fara leƙowa a wuri kaza. Kafin mutum ya kwance jirginsa ya riga ya ji halin hanya daga bakin mutum biyar ko shida.

Dalili kuwa shi ne Kwara ba ta zama da fuska ɗaya. Sau biyu take cika a shekara a wannan yanki. Akwai farin ruwa mai laka, na damina, wanda ke zuwa wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Sa'an nan akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratso Mali da Nijar, ba ya isowa sai cikin hunturu. Ga hazo mai ɓad da gaɓa, ga guguwar farkon damina mai ta da igiyar ruwa a tafki. Wanda bai yi gaisuwa ba, bai ji labari ba.

TUKUNYA ƊAYA

Guzurin mai jirgi ba shi da yawa. Garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari, da goro a aljihu. In an yi zango a wani gungu sai a haɗa murhu, wani ya kawo shinkafa, wani manja, wani barkono da gishiri, kifi kuwa ga shi nan a jirgi. Ba a tambayar wa ya kawo me. Amma fa kowa sai ya sha baki.

Alal misali, mutum ya kwana yana jefa birgi bai samo kome ba sai 'yan ƙurungu masu ƙaya. Da ya doso gaɓa za ka ji an tarye shi: "Alhaji, yau kuma giwan ruwan ne ya ƙanƙance haka?" In gwani ne ba zai ɓata rai ba, sai ya ce, "Na kama shi, na ga bai gama girma ba, na ce ya jira ni gobe." A fashe da dariya. Ana cikin dariyar nan wani zai jefa masa tarwaɗa biyu cikin jirgi, ya ce, "Ungo, kai wa amarya, kada ta yi yaji a ce da mu aka haɗa baki."

A duba nan da kyau. An taimaki mutumin nan, iyalinsa za su ci miya, amma ba wanda ya ce ya roƙa, ba wanda ya ce an yi masa sadaka. Da an kira shi gefe an ba shi cikin tausayi, da ya ji nauyi, watakila ma ya ƙi karɓa. Gobe in sa'a ta juyo wajensa, shi ma haka zai yi wa wani, da irin wannan baƙar magana mai daɗi.

Mai shayin kwata shi ma ba ya tsira. Kullum ana ce masa ruwan Kwara ya tafasa ya nuna masa sukari daga nesa. Shi kuma ya ce wanda bai biya bashin makon jiya ba, ba shi da bakin ɗanɗano. Duk da haka zai zuba, ya ƙara da burodi, gama ya san mutumin da ya fito daga ruwa cikin hunturu jikinsa na ɓari ba a yi masa maganar kuɗi tukuna.

Haka in matan Fulani sun kawo fura da nono. Masu jirgi su ce Bafulatani jarumi ne a daji, amma da ya shiga kwalekwale sai ya ƙanƙame sandarsa kamar ita za ta fid da shi. Mai nono ta ce, "To, mu dai abincinmu ba ya maƙale wa mutum a wuya." Ciniki ya faɗa, a dama fura, ludayi ya zaga.

ABOKAN WASA

Wannan raha tana da tushe. Kowa ya san wasan taubasai, da na jika da kaka, da kuɗin shara da ake bi ran cika-ciki. Har wa yau akwai wasa tsakanin ƙabilu da garuruwa: Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. Ku da ke zaune a Kurmi kun fi kowa sanin wannan na ƙarshe, gama Bagobiri da yawa ya sami sauƙin zama a ƙasar Yarbawa ta dalilinsa.

A kwata kuwa, inda baƙi ke haɗuwa kowace ranar kasuwa, wasan nan shi ke buɗe ƙofa. Bakatsine ɗan kasuwa zai shigo jirgin Banufe bai taɓa ganinsa ba, da ya ji harshensa sai ya ce, "Af, ashe jirgin bawana ne. Maza kawo wa ubangidanka ƙuli-ƙulin Bida." Banufe ya ce, "Zauna da kyau, bawana. Kai da ka fito daga tudu, in jirgi ya girgiza ai ni za ka kira Baba." Kafin a kai tsakiyar ruwa sun raba goro, kafin a sauka kowa ya san sunan garin ɗan'uwansa.

Amma wasan yana da iyaka, kuma kowane yaro ya san ta. Ba a taɓa iyayen mutum. Ba a yi da suruki. In Sarkin Ruwa ko wani dattijo ya iso, sai an ce "Ranka ya daɗe," an saurara, in shi ya fara tsokana kana a mayar masa da ladabi. Babbar doka kuwa, ba a wasa da nitsewa, ba a kuma ambaton wanda ruwa ya ci cikin raha.

Saboda haka ne da an tura jirgi ya rabu da gaɓa sai ka ji murya ta sake. Mutumin da ya gama ce maka marowaci yanzun nan, shi ne zai ɗaga hannu ya ce, "Allah ya kai lafiya." Na cikin jirgi su ce, "Amin, Allah ya sa mu iske ku lafiya." In masu su ne, a ce, "Allah ya ba da sa'a." In fatake ne, "Allah ya ba da kasuwa, a gai da mutan gida." Wannan ba a yi masa dariya, gama duk wanda ya daɗe a bakin ruwa ya taɓa yin sallama da wanda bai komo ba.

DA WASA AKE GAYA WA MUTUM GASKIYA

Babban amfanin raha a wurin masu jirgi shi ne gargaɗi. Mai jirgi mutum ne mai zuciya, in ka ce masa kai tsaye ya yi lodi fiye da kima, ko jirginsa ya tsufa, faɗa za ku yi, kuma don ya nuna maka ya isa sai ya tafi a hakan. Amma abokin wasansa yana iya tsayawa gaban jama'a ya ce, "Malam, yau kasuwar duka ka kwaso? Ka rage wa gobe mana." Ko ya leƙa cikin jirgin ya ga yaro na ta kwarfar ruwa, ya ce, "Jirgin nan naka ya fi ka shan ruwa, a kai shi wurin kafinta ya yi azumi." Jama'a su yi dariya, mai jirgi ya rama da tasa, amma sau da yawa sai ka ga an sauke buhu biyar, ko an jawo jirgin tudu an toshe shi. An faɗi gaskiya, ba wanda ya ji kunya.

To, yanzu zamani ya kawo manyan jiragen katako masu inji, waɗanda ke ɗaukar mutane da babura da buhunan hatsi gaba ɗaya. Sun sauƙaƙa tafiya, ba shakka. Sai dai fasinjojinsu galibi baƙin juna ne, kowa sauri yake yi, mai jirgi yana lissafin kuɗin mai, ƙarar inji kuma ba ta barin a ji magana. Wanda ya ga ruwa ya kusa bakin jirgi sai ya yi shiru, yana ganin ba shi da fuskar da zai yi magana.

Abin da shirun nan ke jawowa ba ɓoyayye ba ne. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya nufi Wara cikin ƙasar Ngaski ya tarwatse a tsakiyar ruwa. An ba da labarin ya ɗauko mutum fiye da 150, waɗanda aka tsamo da rai kuwa kaɗan ne. Cikin watan Yuni na 2023 kuma, a ƙasar Fategi ta Jihar Kwara, mutum fiye da 100 suka rasu sa'ad da jirgin da ya ɗauko su daga wurin biki ya kife da dare. Abubuwan da akan ambata bayan irin wannan hasara ba su sakewa: lodi fiye da kima, tsufan jirgi, tafiyar dare, da itatuwan da ke kwance ƙarƙashin ruwa.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai babban ofishi a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da wuce kima wajen lodi, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar nan mai hana nitsewa. Doka ce mai kyau. Amma kwatocin da ke bakin Kwara da Binuwai sun fi ƙarfin a ajiye ma'aikaci a kowace. Wanda ke nan kullum shi ne abokin sana'a, da mai shayi, da mai nono, da fasinja. Bakinsu shi ne ɗan doka na farko.

Don haka, 'yan'uwa mazauna Kurmi, in Allah ya kai ku gida da Salla ko wani biki, hanya ta bi da ku ta fito, kada ku shiga jirgi kamar kurame. Ku yi sallama, ku tambayi ruwa, ku miƙa goro, ku nemi abokin wasanku cikin jama'a. In kun ga lodi ya yi yawa ku faɗa, ko da cikin dariya ne. In an ƙi ji, ku sauka ku jira na baya, ku bar kuɗin fiton ya tafi. In an ba ku rigar ruwa ku sa, ko da za a ce kun yi kama da gora. Gara a yi muku dariya a kwata da a zo gidanku gaisuwa.

Masu jirgi da masu su na Yawuri da Busa da Jabba da Fategi, muna yi muku sannu da ruwa. Allah ya ba da sa'a, ya kai kowa gida lafiya, amin.