Wa ke da ikon sare itace a ƙasar Rano?

A gonakin Rano da Kibiya manomi kan bar ɗorawa da kaɗanya da gawo a tsakiyar dawarsa. Ɗorawa ta ba uwargida kalwar daddawa, gawo ya zubar da ganye da damina ya zama taki. Yanzu kuwa ƙarar injin yankan itace ake ji, ƙirya ta koma buhun gawayi, maɗaci ya koma katako a Kano.

Me doka ta ce? Tun Dokar Gandun Daji ta 1937, a zamanin En'e, sare itace a gandu irin na Rurum sai da izinin malamin daji. Dokar Filaye ta 1978 kuma ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, sannan kowace jiha ce ke riƙe da dazuzzukanta.

Gardamar a nan take. Masu kishin muhalli na son tara mai tsauri da tilasta dashen sabbin bishiyoyi. Kafinta da mai gawayi kuwa sun ce abincinsu ke nan. A ganina duk suna da hujja, domin muddin gas ya fi ƙarfin talaka, murhu ba zai daina cin itace ba.