Sayen sashen gida a benen haɗaka a Sabha: abin da ya kamata ku sani

A Kano ko Maraɗi, wanda ya sayi gida ya san iyakarsa, daga zaure har katangar baya. A manyan benaye na Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, ɗakunanka kaɗai ne naka. Matakala da rufi da tankin ruwa da bututun bahaya na kowa ne, shi ya sa lalacewarsu ke jawo ka-ce-na-ce. Kafin ka yi ciniki, samu maƙwabtan sama da na ƙasa ka ji wa ke karɓar kuɗin gyara, da yadda ruwa ke kaiwa hawan ƙarshe idan an ɗauke wuta lokacin zafi.

Babbar magana dai ita ce takarda. A 1978 gwamnatin Gaddafi ta kafa doka mai lamba 4, wadda ta hana iyali mallakar fiye da gida ɗaya, ta kuma bar wa 'yan haya gidajen da suke ciki. A 1986 aka soke mallakar ƙasa. Bayan faɗuwar gwamnatin a 2011 aka dakatar da rajistar kadarori, don kada a halatta ƙwace cikin ruɗani, amma saye da sayarwa bai tsaya ba. Sakamakon haka, gida ɗaya yana iya samun masu iƙirari uku: magadan mai shi na asali, wanda hukuma ta ba shi, da wanda ya saya daga baya. Akwai kuma benayen gwamnati da kamfanonin waje suka bari ba a gama ba, mutane suka shige suka kafa ƙofa. Mai sayar da irin wannan, zamansa a ciki yake sayar maka, ba mallaka ba.

Saboda haka a nemi jerin takardun tun daga hannun farko. Idan gidan daga ƙungiyar haɗin gwiwa ta gidaje ya fito, ko da bashin bankin gidaje na gwamnati aka same shi, a ga shaidar an gama biya. A rubuta yarjejeniya gaban marubucin kwangila mai lasisi, kada a tsaya ga shaidar dillali. A kuma fayyace ko da tsabar kuɗi za a biya ko da caki, domin ƙarancin takardun dinari a bankuna ya sa farashin biyu ya bambanta.

Duk wannan ɗan ƙasa ya shafa. Dokar Libiya ba ta ba baƙo damar mallakar gida da sunansa ba, sai wasu keɓantattun hanyoyi na masu zuba jari. Ɗan Nijar ko ɗan Najeriya da ya saya da sunan aboki ɗan ƙasa, a gaban alƙali gidan na abokin ne, kuma ranar da abokin ya rasu magadansa za su raba shi cikin gado.