Shagon Ramen na Tsakar Dare a Japan

Ramen taliya ce ta alkama da ake zubawa cikin romo mai zafi, kuma a biranen Japan akwai ƙananan shaguna da ba su da wata sana'a sai ita. Yawancinsu ƙuntatattu ne ƙwarai: dogon kanta guda ɗaya, kujeru kamar goma a jere a gabansa, mai dafuwa a bayansa tsakanin manyan tukwane. A bakin ƙofa akan rataya guntun labule da ake kira noren. Idan yana rataye, shago a buɗe yake. Idan an shigar da shi ciki, an tashi.

Asalin abincin daga ƙasar Sin ne. Masu dafuwa 'yan Sin ne suka shigo da shi ta biranen gaɓar teku irin su Yokohama, kuma a 1910 aka buɗe shagon Rairaiken a unguwar Asakusa ta Tokyo, wanda ake yawan ambata a matsayin mafarin sana'ar. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, shinkafa ta yi wuya, alkamar Amurka ta shigo da yawa, sai masu tura amalanken taliya suka cika tituna da dare suna busa 'yar sarewa don kiran masu saye. Alaƙar ramen da dare ta ƙarfafa tun lokacin. Yau jiragen ƙasa na Tokyo kan daina zirga-zirga da tsakar dare ko jim kaɗan bayan haka, kuma ma'aikatan ofis da suka fita shaye-shaye da abokan aiki sun saba rufe daren da kwano ɗaya. A gefensu za a ga direban tasi, da ɗalibi, da wanda ya sauka daga aikin dare. A birnin Fukuoka har yanzu ana kafa rumfunan wucin gadi masu suna yatai a bakin kogi a unguwar Nakasu da magariba, a kwashe su kafin gari ya waye. Mai karatu da ya san teburin mai shayi da indomi da ƙarfe ɗayan dare ya san irin taron da ake nufi, kuma dangantakar ba ta tsaya nan ba: Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro taliyar leda a Japan a 1958, yana kwaikwayon wannan abinci.

A shaguna da yawa ba a yin oda da baki. Daga shiga akwai na'ura mai maɓallai. Baƙo ya saka kuɗi, ya danna abin da yake so, ta ba shi ɗan tikiti, ya ajiye a kan kanta. Tsarin yana raba hannun mai dafuwa da taɓa kuɗi, yana kuma rage magana. Baƙon da bai iya karatun Japananci ba sau da yawa yakan dace idan ya danna maɓallin sama na hagu, domin nan aka saba sa abin da shagon ya fi alfahari da shi. Idan kujeru sun cika, ana bin layi a waje cikin natsuwa, kuma ba a kama wa wanda bai iso ba wuri. Ruwan sha kyauta ne, mutum ke zuba wa kansa.

Romon shi ne martabar shago. Akwai na gishiri zalla, akwai na miyar waken suya da aka san Tokyo da shi, akwai na miso, wato ƙullin waken suya da aka tsima, wanda birnin Sapporo ya yi suna da shi saboda sanyin arewa. Na huɗu shi ne tonkotsu na tsibirin Kyushu, wanda ake tafasa ƙashin alade sa'o'i masu yawa har ya yi fari ya yi kauri. Ita kuwa taliyar ana kwaɓa ta da ruwan kanwa, shi ke ba ta launin rawaya da danƙo. A Fukuoka siririya ce, tana saurin yin laushi, don haka ake zuba kaɗan, a tambayi mai ci yadda yake son taurinta. In bai ƙoshi ba ya ce “kaedama”, a ƙaro masa sabuwar taliya cikin sauran romonsa. Wanda ya shanye romon tun farko ya rasa wannan dama.

Kusan duk ladubban wurin daga abu biyu suka samo asali: taliya ba ta jira, kujeru kuma ba su da yawa. Da an dire kwano mai ci yakan ce “itadakimasu” a hankali, kalmar godiya ce kafin a fara ci, ya fara nan take, tsinkayen cin abinci a hannun dama, cokali mai zurfi a hagu. Ana zuƙar taliyar da ƙara, iska na shiga tare da ita tana rage zafi, kuma babu mai ɗaga kai ya duba. Ɗaga kwano a kurɓi romo ma daidai ne. Abin da ake ƙi shi ne a bar abinci ya huce ana duba waya, ko a zauna hira bayan an gama alhali mutane na tsaye a waje cikin sanyi. Baƙo na iya ɗaukar shirun wurin a matsayin rashin sakin fuska, amma ya yi kuskure. Mutumin da ya kwana yana gadin tukunya ba ya neman yabo da ya wuce a ci abincinsa da zafinsa. Kamfanin Ichiran ya kai wannan ɗabi'a maƙura, inda ya raba kujeru da allunan katako, kowa a ɗan lungunsa, ana miƙo kwano ta ƙarƙashin labule.

In an gama, a wasu shaguna mai ci yakan ɗora kwanonsa a saman kanta, ya goge gabansa da tsumman da aka ajiye, ya ce “gochisosama deshita”, wato godiya bayan cin abinci, ya fita. Ba a barin tukwici. Wanda ya bar canji a kan kanta za a iya biyo shi da shi har titi.

Ga matafiyi Musulmi akwai abin lura mai nauyi. Alade ba a yankan naman da ke saman kwano kaɗai yake ba. Yana cikin romon, yana cikin kitsen da ake yaryaɗawa, har a romon da ake kira na kaza sau da yawa ana haɗawa da ƙashinsa, kuma miyar da ake ɗanɗana romon da ita kan ƙunshi giyar shinkafa. Cire naman bai warware komai ba, kuma roƙon mai dafuwa ya sauya romo bai da amfani, domin tukunya ɗaya ce tun safe. Mafita ita ce shagunan ramen na halal da suka ƙaru a Tokyo da Osaka da Kyoto saboda baƙi daga Indonesiya da Malesiya, masu amfani da kaza ko kifi ko naman sa. Da yawansu kan rufe da wuri, don haka mai son ci da dare ya binciki lokacin tashinsu tun da rana.