Shekarun ritaya ga ɗan sandan magajin gari

Idan kai ɗan sandan magajin gari ne a Dakoro, kuma an yi maka rajista a asusun CNSS, ka sani sai ka cika shekara 60 za ka fara karɓar fansho. Wanda likita ya tabbatar ƙarfinsa ya ƙare da wuri yana iya nema tun yana da 55. Amma shekaru kaɗai ba su isa ba: wanda ya shiga aiki a makare, watannin zubinsa ba su cika ba, sau ɗaya tak ake biyan sa. Saboda haka ka duba takardar haihuwarka, domin da ita ake lissafi. Sa'annan ka je ofishin CNSS na Maradi ka tabbatar ana zuba maka kuɗin.